Jan ƙarfe, azurfa ko zinari: wanne za ka ɗora wa enamel garau?

Enamel ba komai ba ne illa gilashi. A niƙa shi ya koma gari, a barbaɗa ko a shimfiɗa shi a kan ƙarfe, a tura cikin tanderun da zafinsa ya kai digiri 760 zuwa 820 a ma'aunin Salsiyos, kafin minti biyu ko uku ya narke ya kama jikin ƙarfen gam. Wanda ya tashi yana ganin kwanukan jere a ɗakin amarya ya san shi ko da bai san sunansa ba: farin nan mai santsi da furanni ja da shuɗi, enamel ne a kan baƙin ƙarfe. Sai dai wannan mai rufewa ne. An zuba masa sinadarin da ke toshe haske, don haka ko mene ne a ƙarƙashinsa, ido ba ya kaiwa.

Wanda muke magana a kai shi ne garau, wanda haske ke ratsawa. Haske ya shiga ta cikin gilashin, ya bugi ƙarfe, ya dawo wa ido ɗauke da launi biyu, na gilashin da na ƙarfen. Shuɗin mayafi shara-shara, in an yafa shi a kan farar riga launinsa daban, in an yafa a kan ja daban. Saboda haka mai shirin sayen ƙarfe don wannan aiki, kafin ya laluba aljihu ya fara tambayar kansa wane launi yake so ya ga ya fito daga tanderu. Wanda ya fara da lissafin kuɗi zai sayi garin shuɗi mai tsada, ya ɗora a kan jan ƙarfe don shi ne mai arha, ya fito masa da wani abu mai duhu tsakanin kore da ruwan toka, ya ce an sayar masa da jabu, alhali garin ba shi da laifi.

Jan ƙarfe

Kusan kowa da shi yake farawa, kuma da dalili. Shi kilo-kilo ake sayarwa, azurfa da zinari kuwa giram-giram. Ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 1085, ke nan akwai tazara mai faɗi tsakaninsa da zafin gashi. Ko ka sha'afa ka bar shi a tanderu, enamel ɗin ne zai ƙone, ƙarfen yana nan. Yana yankuwa da zarto, yana jin guduma, enamel kuma yana kama shi da kyau.

Ciwon kansa ɗaya ne, amma babba ne. Da ya ji wuta sai iska ta ci fuskarsa ya yi baƙin ɓawo. Duk inda enamel bai rufe ba ɓawon nan zai fito, kuma yana hucewa yana ɓarewa yana faɗawa kan aikin. Ɗigo ɗaya in ya shiga cikin enamel garau ya samu wurin zama, sai dai a kankare da dutsen goge a sake cikewa. Bayan kowane gashi sai an goge gefe, an tsoma a ruwan asid na maƙera, an ɗauraye. Ko a ƙarƙashin garin, kafin ya narke ya rufe, iska ta riga ta ɗan taɓa ƙarfen, kuma wannan siririn ɓawo shi ke sa launukan garau su yi duhu in an ɗora su kai tsaye.

Abin da ake yi shi ne a fara shimfiɗa enamel garau marar launi ko kaɗan, wanda masu sana'ar ke kira fulaks. A nan ne mai koyo ke fara sanin halin tanderunsa. In zafin bai isa ba, farantin zai fito jaja-jaja da hazo, ba ka ganin ƙarfen sosai. Mayar da shi a zafin da ya ɗara, wajen 820 zuwa 850: gilashin zai narkar da ɓawon ya shanye shi, farantin ya fito tas da wani launi tsakanin ruwan zinari da ruwan hoda mai ɗaukar ido. In ka zarce kuma, gefuna za su fara yin kore, sannan baƙi, enamel ya ja baya daga baki ya bar ƙarfe tsirara. Tsakanin waɗannan matakai uku wani lokaci rabin minti ne.

A kan wannan shimfiɗa, launuka masu ɗumi suna jin daɗinsu. Ruwan zuma, ruwan goro, ruwan ƙasa, makuba, koren da ya karkata ga rawaya, duka suna fitowa da zurfi. Maƙeran Japan ma suna da wani jan enamel garau da suke ɗorawa a kan jan ƙarfen da aka yi wa zane, suna kiransa akasuke, kuma ƙarfen ne ke ƙara masa wuta daga ƙasa. Shuɗi kuwa yana shan wahala: mai haske ya koma kore-kore, shunayya ta dagule, ruwan hoda mai haske ya ɓace ɗungurungum. Ba banza ba maƙeran Limoges na Faransa, a ƙarni na 12 da na 13 lokacin da suke cika cocin Turai da akwatuna da giciye na jan ƙarfe, mafi yawan aikinsu da enamel mai rufewa suka yi shi.

Wasu suna shimfiɗa farin enamel mai rufewa a ƙasa, sannan su ɗora garau a kai. Launi zai fito daidai yadda yake a kwalba, gaskiya ne. Amma ƙyallin ƙarfe ya tafi, kuma ƙyallin ne ya sa ka biya kuɗin garau tun farko. A ganina wannan wata sana'a ce daban, ta zane a kan fari.

Kada a haɗa jan ƙarfe da tagullar kasuwa. Tagulla tana ɗauke da tutiya mai yawa, tutiya kuma ba ta shiri da enamel: kumfa, ramuka, daga baya ya ɓare. Masana'antun bajo da lambobin yabo suna amfani da wani gauraye mai tutiya kashi 5 cikin ɗari kawai, shi ma gashi kaɗan yake ɗauka kafin ya fara gardama. Jan ƙarfe tsantsa za ka nema, mai kaurin milimita ɗaya ko kusa da haka.

Azurfa

In ana maganar enamel garau, nan ne gidansa. Azurfa tsantsa, mai lamba 999 (wato kashi 999 cikin dubu azurfa ce), ta fi kowane ƙarfe mayar da haske, kuma da yake fara ce, ba ta da launin da za ta ƙara wa na gilashin. Ba ta yin baƙin ɓawo. Yadda ka saka ta fara, haka za ka fito da ita fara, ba tsomawa a asid, ba tsoron ɗigo. Shuɗin kobal, ruwan sararin samaniya, kore iri-iri, shunayya, ruwan toka, duka kai tsaye ake ɗora su, su fito kamar akwai fitila a bayansu. Tarihi ma ya nuna haka. Kofin da Guccio di Mannaia, maƙerin Siena a Italiya, ya ƙera wa Paparoma Nicholas na huɗu tsakanin 1288 da 1292, wanda yake ajiye a Assisi, shi ake ɗauka mafi tsufa cikin aikin enamel garau a kan sassaƙaƙƙen ƙarfe da aka san lokacin ƙerarsa, kuma a kan azurfa aka yi shi. A Indiya, Lucknow ta yi suna da shuɗi da kore a kan azurfa, yayin da Jaipur ta yi suna da ja a kan zinari. Garuruwa biyu, kowanne ya bi abin da ƙarfensa ke so.

Amma azurfa tana da nata halin, har guda uku.

Na farko, ba ta jituwa da launuka masu ɗumi. Jan enamel da ruwan hoda, ko dai ƙananan ƙwayoyin zinari ne ke ba su launi, ko sinadaran kadmiyam da seleniyam. Na biyun su ne ma ke ba da ruwan lemu da wasu rawaya. Idan gilashin ya narke, ɗan abin da ke fita daga jikin azurfa yana shiga cikinsa ya dagula waɗannan sinadarai. Ja ya koma ruwan ƙasa mai laka, ruwan hoda ya koma rawaya-rawaya. Ko fulaks ɗin da ba na azurfa ba sai ya yi rawaya. Shi ya sa kamfanoni ke raba su: a wajen Thompson na Amurka, misali, lamba 2020 ita ce ta azurfa, 2030 ta jan ƙarfe da zinari. Dabara ita ce a fara gasa fulaks na azurfa a wurin da ja zai zauna, a tabbata ya rufe ko'ina ba ƙofa, sannan a ɗora jan a ƙarshen aiki, siriri-siriri, a zafi mai sauƙi. Duk da haka jan da ke kan azurfa ja ne mai sanyi, ba ya kama ƙafar wanda ke kan zinari.

Wani abu da ke tsorata sabon hannu: ja yana fitowa daga tanderu kusan baƙi. Kada ka yi saurin yanke masa hukunci. Ajiye shi a gefe ka zuba ido, yana hucewa yana sauyawa, daga baƙi zuwa makuba, daga makuba zuwa ja. Sai ya huce sarai za ka san ko ka ƙona shi ko ba ka ƙona ba.

Na biyu, motsi. Duk ƙarfe yana buɗewa da zafi ya tsuke da sanyi, amma azurfa ta fi sauran biyun: kusan kashi 19 cikin miliyan a kowane digiri, jan ƙarfe 17, zinari 14. Gilashi kuwa bai kai ko ɗaya daga cikinsu ba. In aiki yana hucewa ƙarfe yana tsukewa fiye da gilashin da ke kansa, sai siririn faranti ya lanƙwashe, ko enamel ya tsage, wani lokaci ba a ranar ba, sai bayan mako. Maganinsa a gasa enamel a bayan farantin ma, kauri ɗaya da na gaba, don su ja juna daidai, a kuma ɗan tuttura farantin ya yi doro, don mai doro ya fi shimfiɗaɗɗe ƙarfi. Wannan doka ta shafi jan ƙarfe ma, amma azurfa ba ta yafe wa wanda ya karya ta.

Na uku, laushi. Azurfa tsantsa bayan ta sha wuta sau da yawa, da yatsa ma sai ka lanƙwasa ta, kuma gilashi ba ya lanƙwasuwa. Zobe ko awarwaro da aka yi da ita gaba ɗaya ba zai yi ƙarko a hannun mai aikin gida ba. Masu sana'a sukan gasa enamel a kan ɗan farantinsa daban, sannan su dasa shi cikin gidan da aka ƙera da azurfa mai tauri, yadda ake dasa dutse. Ga kuma zafin narkewarta, digiri 962, wanda ya fi kusa da zafin gashi. Siririn gefe da ya matsa kusa da wayar tanderu yana iya zubewa.

To azurfa mai lamba 925 fa, wadda aka fi yin kayan ado da ita? Tana da tauri saboda jan ƙarfe kashi bakwai da rabi da ke cikinta, amma wannan jan ƙarfen ne ke dawo da matsalar ɓawo, ya yi tabo mai duhu a ƙarƙashin enamel inda hannu ba ya kaiwa. Ana iya shawo kanta: a ɗumama, a tsoma a asid ya cinye jan ƙarfen da ke sama, a goge da burushi mai laushi, a maimaita har fuskarta ta daina yin duhu ta tsaya fara fat. Abin da ka samu siririyar fata ce ta azurfa tsantsa, wadda goge mai ƙarfi zai cire, gashi mai yawa kuma zai huda. Kamfanoni irin su David-Andersen na Oslo, wanda aka kafa a 1876, sun yi shekaru suna fitar da cokula da kayan ado masu enamel garau a kan 925, amma yawancin aikinsu launi ɗaya ko biyu ne, gashi kaɗan, a hannun mutanen da ba su da wani aiki sai shi. Ga mai tanderu ɗaya a shago, wahalar ta fi ribar.

Akwai kuma azurfar da ke yawo a hannun maƙeran fari, ta tsofaffin kayan ado da aka narkar aka sake narkarwa. Tsohon kuɗin nan na Mariya Tarisa mai ɗauke da shekarar 1780, wanda maƙeran ƙasashenmu suka daɗe suna narkarwa, azurfarsa 833 ce, ƙasa da 925 ma. Sauran kuwa Allah kaɗai ya san abin da ke ciki, har da ragowar lahami mai tutiya. Wani farin ƙarfen da ake sayarwa da sunan azurfar Jamus babu ƙwayar azurfa a cikinsa, jan ƙarfe ne da nikel da tutiya. Duk waɗannan suna iya yin zobe mai kyau, amma kada a kai su tanderu da enamel garau. Maƙerin da ke da injin murza ƙarfe ya nemi tatacciyar azurfa 999, ya zuba, ya murza farantinsa da kansa.

Maganar lahami ma a kula. Lahamin azurfa na yau da kullum yana narkewa ƙasa da zafin gashi, sai ka buɗe tanderu ka tarar marataya ta faɗi. Ko dai a yi amfani da lahami mai jure zafi da aka yi don enamel, ko a tsara aikin yadda ba ya buƙatar lahami sam.

Wani abu da ya sa nake fifita azurfa shi ne zane. Enamel garau a kan ƙarfe mai santsi sumul asarar rabin kyansa ne. Sai an sassaƙa ƙarfen, an yi masa layuka da ramuka, sannan launi ke wasa: inda rami ya yi zurfi gilashi ya yi kauri, launi ya yi duhu, inda ya taso ya yi haske. Launi ɗaya sai ya zama biyar. Masana'antar Fabergé a Rasha, wadda ta fara ƙera wa gidan sarauta kayan ado masu siffar ƙwai a 1885, da inji take yanka layuka masu lanƙwasa a jikin zinari da azurfa kafin a ɗora enamel, kuma tana da launi sama da 140. Ba sai ka mallaki irin injinsu ba. Azurfa mai laushi ce, tana karɓar kurfi da ƙusar zane da hatimi, kuma maƙerin da ya iya zanen zobe da na kube ya riga ya mallaki rabin sana'ar. A tuna dai cewa abin da ke bayyana zane shi ke bayyana aibi: ƙarzane, tabon yatsa, komai zai fito. Kafin ka ɗora gari, zuba wa farantin ruwa. In ruwan ya bazu ya rufe shi gaba ɗaya, ya tsarkaka. In ya tattaru ɗigo-ɗigo, da sauran maiƙo.

Zinari

Shi ba ya ɓawo, ba ya dagula launi, ba ya narkewa sai 1064, kuma motsinsa ya fi na sauran kusa da na gilashi. Ja a kansa ba a magana. Kofin zinarin nan na sarakunan Faransa da Ingila da ke gidan tarihi na Birtaniya a Landan, wanda aka ƙera a Faris wajen 1370 zuwa 1380, nauyinsa kusan kilo biyu, abin da ya fi ɗaukar hankalin masu zuwa kallonsa shi ne jan enamel garau da ke jikinsa, wanda shekaru sama da 600 ba su dushe shi ba. Kore ma yana yin kyau. Shuɗi mai haske ne kawai rawayar zinari ke ja zuwa kore.

Sauran maganar kuɗi ce. Giram ɗin zinari ya ninka na azurfa sau gommai. Mai karat 24 laushi gare shi, don haka da 22 ko 18 aka fi yin aiki, kuma mai 18 kashi ɗaya cikin huɗunsa wasu ƙarafa ne. Dole gaurayen ya zama wanda aka haɗa don enamel, ba tutiya. Sarƙa ko ɗan kunne da aka sayo a kasuwa ba a san gaurayensa ba, ga lahami a kowace gaɓa. Wanda ya narkar da na matarsa don gwaji, ya shirya amsa tambayoyi. Zinari na aikin da aka ba da oda ne aka kuma biya kuɗin ƙarfe tun farko.

Falle a tsakani

Akwai hanyar da ke ba ka fuskar azurfa ko ta zinari a kan jikin jan ƙarfe, wato falle, ƙarfen da aka sirantar kamar takarda. Ba irin fallen da ake lulluɓe firam da shi ba, wanda numfashi ke ɗagawa; wancan wuta za ta cinye shi. Na enamel ya fi kauri. Ana saka shi tsakanin takarda biyu a yanka da almakashi, a huhhuda shi da allura don iska ta samu mafita, a shafa ɗan ƙaro mai ruwa a kan enamel ɗin da aka riga aka gasa, a ɗauko shi da jiƙaƙƙen burushi a kwantar. Bayan ya bushe a gasa har gilashin da ke ƙasa ya yi laushi ya riƙe shi, a fito da shi a danne da abin goge, sannan a ɗora launi. Masu zanen enamel na Limoges a ƙarni na 16 haka suke sa tufafin mutanen da ke cikin zanensu su yi ƙyalli, Japanawa kuma suna lulluɓe tulu gaba ɗaya da fallen azurfa mai zane, aikin da suke kira ginbari.

Sharaɗi ɗaya ba a wasa da shi: kada azurfa ta taɓa jan ƙarfe tsirara. In suka haɗu suna yin gaurayen da ke narkewa a digiri 779, ƙasa da zafin da kake gashi, sai ka ga fallen ya nutse ya bar baƙin rami. Dole shimfiɗar enamel ta raba su. Haka ma siraran wayoyin azurfa da ake tsayarwa don raba launi da launi.

Fallen zinari ne ya fi biyan kuɗinsa. Guntun da bai kai farce ba, in an saka shi a ƙarƙashin furen da ake so ya yi ja a kan farantin azurfa, ya magance matsalar ja gaba ɗaya. Fallen azurfa a kan jan ƙarfe kuwa, lissafinsa sai an duba da kyau. Ga ƙaramin abu irin ɗan kunne, ka ƙirga: gashin baya, gashin fulaks, gashin falle, goge ɓawo tsakanin kowanne, duk kafin ka ɗora launin farko. A kan azurfa tsantsa da tuni ka yi nisa. Ƙaramin tanderu yana jan wuta kilowat ɗaya zuwa biyu, kuma ga wanda ke gashi da janareta ko yake tseren kada a ɗauke wuta, kowane ƙarin gashi kuɗi ne. Ga shi kuma falle yana yamutsewa, ba ya ɗaukar zane mai zurfi, gefen aikin yana nan jan ƙarfe mai sa fata kore. Inda falle ke cin riba shi ne babban abu, kwano ko allon bango, inda farantin azurfa zai cinye jari.

Garin da kansa

Kafin a ɗora wa ƙarfe laifi a duba garin. Yawancin enamel ana sayar da shi a niƙan da ya ratsa rariya mai lamba 80, kuma a cikinsa akwai ƙura mai laushi ƙwarai. Ƙurar nan tana riƙe ƙananan kumfa, ita ce ke sa garau ya yi hazo ko a kan zinari. Zuba garin a ƙaramin kofin gilashi, ƙara ruwa, motsa, jira 'yan daƙiƙu manyan ƙwayoyi su kwanta, tsiyaye farin ruwan da ke sama. Maimaita har ruwan ya fito garau, ɗauraya ta ƙarshe kuma da ruwan da aka tace ta tururi, don gishirin ruwan rijiya ko na burtsatse yana barin tabo. Abin da za ka yi aiki da shi a ranar kawai za ka wanke, jiƙaƙƙen gari ba ya ajiyuwa. A shimfiɗa siriri, a bar shi ya bushe ƙayau a saman tanderu kafin a saka shi ciki, in ba haka ba tururi zai watsa garin. Shimfiɗa uku sirara sun fi ɗaya mai kauri haske nesa ba kusa ba. Biyun farko ba sai sun narke sumul ba, a fito da su tun fuskarsu tana da ɗan gargada. Na ƙarshe ne ake bari ya kwanta ya yi sheƙi.

Sai zaɓi tsakanin mai dalma da marar dalma. Masu dalma, irin na kamfanin Ninomiya na Japan, sun fi zurfi da ƙyalli, musamman a kan azurfa, kuma da yawa daga cikin ƙwararru ba sa barinsu. Na Thompson na yau babu dalma. Wanda ke da ɗakin aiki daban, da takunkumin hanci na gaske, yana aiki da jiƙaƙƙen gari yana share wuri da jiƙaƙƙen tsumma, yana iya zaɓar mai dalma. Wanda shagonsa ke zauren gida, yara suna shiga suna fita, kada ya soma. Mun ga abin da ƙurar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda niƙan duwatsun zinari a cikin gidaje ya kashe yara kimanin 400. Kuma ko marar dalma ne, ja da ruwan lemu masu kadmiyam ba a saka su a cikin abin da za a ci ko a sha da shi.

To wa zai sayi me? Wanda bai taɓa buɗe tanderu ba ya sayi jan ƙarfe, ya ƙona faranti goma sha ba tare da zuciyarsa ta buga ba, ya koyi fulaks, ya koyi enamel na baya. In launukan da ke ransa ruwan zuma ne da ruwan ƙasa da makuba, yana iya zama a nan har abada ba tare da ya rasa komai ba. Wanda shuɗi da kore suka jawo shi, kuma ƙananan kayan ado zai yi, kada ya daɗe a jan ƙarfe. Ɗan farantin azurfa 999 mai faɗin santimita biyu da kaurin milimita ɗaya bai wuce giram huɗu da ɗoriya ba, kuma abin da ya lalace ana farfasa gilashin a sake narkar da ƙarfen. Mai son ja a cikin aikin azurfa ya sayi fallen zinari ɗaya, zai daɗe yana yanka. Mai babban kwano ko allo ya tsaya a jan ƙarfe da fallen azurfa a wuraren da yake son haske. Azurfa 925 a bar ta ga gidan da za a dasa aikin a ciki.

Ko wanne ka ɗauka, kada ka yarda da hoton launi da ke kundin mai sayarwa, don ba ka san a kan wane ƙarfe aka gasa shi ba. Yanki jan ƙarfe mai tsawon yatsa, gasa masa enamel a baya, ka raba gabansa gida biyar a tsaye: ɗaya tsirara, ɗaya fulaks, ɗaya fari mai rufewa, ɗaya fallen azurfa a kan fulaks, ɗaya fallen zinari a kan fulaks. Ja layin kowane sabon launi a kwance ya ratsa gidajen biyar, ka gasa, ka rubuta lambar launin da zafin da mintunan a takarda ka manna a bayansa. Launukan da za su zauna kusa da juna a aiki ɗaya kuma a gasa su tare sau huɗu ko biyar a jere, don wani launin yana da kyau a gashin farko amma ba ya kai na huɗu.